Minti Goma Sha Huɗu a Ƙarshen Kaset Ɗin Baba

Auta ya shigo shagon wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, da farin takalminsa da tabarau a goshi, yana tsallake matattun firiji da kawunan fanka. Gola na durƙushe a bayan wani tsohon firiji mai ƙofa biyu, ya kafa kunne yana sauraren kwamfireso, bai ko ɗago ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shekara goma sha tara ke tsakaninsu, amma wanda bai san su ba zai rantse Auta gyara ya kawo.

"Yaya, tsaraba na kawo maka."

"Ajiye a kan benci."

"Ka dai duba mana. Ɗakin Baba ne ya fara yoyo, na ga ruwa zai ci kwalin kaset ɗinsa. Shi ne na kwashe na kai wa Mai Kwafi. Duka arba'in da ukun suna cikin wannan ɗan filashin. Ɗaya naka, ɗaya nawa, ɗaya na aika wa Babbar Yaya."

Gola ya miƙe a hankali, gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara. Ya goge hannu a jikin wando ya karɓi filashin. Auta ya tsaya yana jiran a yaba masa, don shi tun yana rarrafe yabo ya saba ji. Gola ya ce, "To, ka kyauta." Iyakar abin da ya fito ke nan. Auta ya taɓe baki, ya ce yana sauri, suna ɗaukar waƙa a tsohon siton da ke bayan tasha, ya fice.

Sana'ar Auta ke nan, ɗaukar bidiyon waƙa. Irin wanda ake aro mota a aro agogo, a jera samari su dinga nuna kyamara da yatsa kamar ta yi musu laifi, hoto ba ya daƙiƙa biyu sai an sauya wani. Gola ya sha faɗa masa cewa wannan ba kallo ba ne, ciwon ido ne. Shi a gidan da ake kallon fim da natsuwa ya tashi. Babansu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mutum mai tsare gida da ba a ganin haƙorinsa, kuma abu ɗaya yake so a duniya bayan aikinsa: tsofaffin finafinan 'yan fashi da 'yan sandan ciki. Waɗanda mutum zai zauna minti guda cur yana kallon ƙofa, ba kiɗa ba magana, amma gabanka na faɗuwa. Kowane kaset ya manna masa takarda ya rubuta lamba da jan biro. Ba a taɓa masa su. Kuma ba a mayar da kaset kwali sai an mayar da zarensa farko, wanda ya manta kuwa ranar zai ji a jikinsa.

Ƙwallo ce Baba ya tsana. Cewa yake ƙarti ashirin da biyu na bin fata ɗaya da rana tsaka, wai su aiki suke. Shekara shida Gola ya yi yana tsaron raga a ƙungiyar unguwarsu, har sunan Gola ya bi shi ya danne na yanka, amma ko sau ɗaya Baba bai tambaye shi an ci ko ba a ci ba. In ya dawo da gwiwa a kumbure, abin da zai ji shi ne, "Ai ba ni na aike ka ba."

Shekarar da Gola ya cika ashirin da ɗaya ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe, wata ƙaramar tashar talabijin ta haska shi. Da safe Baba ya sa hula ya ce zai je duba wani abokin aikinsa da ba shi da lafiya. Aka tashi kunnen doki, aka tafi bugun fenariti. Babbar Yaya na gida gaban talabijin, tana so ta naɗi wasan, ga shi ba sabon kaset. Sai ta yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Ta zaro lamba goma sha bakwai, fim ɗin wani ɗan sanda mai ɗingishi da ke bin sawun masu fasa banki, don ta san yana da ragowar zare a ƙarshe. Ta toshe ramin bayansa da salatif don ya karɓi naɗi, ta tura shi har bayan rubutun ƙarshe, ta danna. Minti goma sha huɗu ya ɗauka kafin zaren ya ƙare.

Gola ya tare fenariti biyu a ranar. Da ya tare na biyun, mai kyamara ya juya kan 'yan kallo. Daƙiƙa huɗu, Gola ya sha ƙirga su. Ga Baba nan a tsaye kan benci, cikin 'yan kallon da yake kira marasa aikin yi, ya cire hula ya riƙe a hannu, baki a buɗe, yana tsalle.

Ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Gola ya sa Babbar Yaya ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, da farko don tsoron bulala. Bulalar ba ta zo ba. Wata rana da yamma dai Gola ya shiga ɗakin Baba ya tarar fim ɗin ya ƙare, Baba bai kashe ba, yana kallon bugun fenariti fuska a murtuke. Bai waiwayo ba ya ce, "Ka cika fitowa daga raga." Shi ke nan. Daga baya Gola kan faki idon mutane ya kunna abinsa shi kaɗai, har na'urar bidiyon ta mutu mutuwar da ko shi ya kasa tayar da ita. Bai damu ba, tunda kaset ɗin na nan a kwali. Wata biyar da rasuwar Baba kullum cewa yake gobe zai je ya ɗauko.

Ya soka filashin a talabijin ɗin shago, ya nemo lamba goma sha bakwai, ya tura gaba. Ɗan sanda mai ɗingishi ya sa wa shugaban 'yan fashi ankwa a bakin tashar ruwa. Kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa. Gola ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Rubutun bai ko kai rabi ba allon ya yi baƙi, talabijin ta tsallaka lamba goma sha takwas.

Ya mayar baya. Haka dai. Ya sake mayarwa har sau uku, kamar filashin zai ji kunya ya canja magana. Sannan ya kira Auta, waya a kashe. Ya jawo ƙofar shago ya datse kwaɗo, ya bar firijin mutane a kunne.

Shagon Mai Kwafi wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. Na'urorin bidiyo huɗu a jere kan kanta, wayoyi sun sarƙe ta ko'ina, mutumin na zaune a tsakiya da ƙaramar fanka tana hura masa wuya. Ya saurari Gola yana danne-danne, ido a kan kwamfuta.

"Maigida, ni fim aka ce in kwafa, kuma na kwafa. In rubutu ya fara hawa, ai fim ya ƙare."

"Kaset ɗin ya ƙare?"

"Fim ɗin ya ƙare."

"Kaset nake tambayarka, Malam. Ka ga zare ya rage ko ba ka gani ba?"

"Kowane kaset zare na ragewa. In na ce sai na zauna kallon yashi a bayan kowane fim, yaushe zan gama arba'in da uku? Shekara tara ina wannan aikin, haka nake yi, ba wanda ya taɓa dawo min."

"To yau an dawo maka."

Gola ya dafa kantar da hannu biyu. Hannuwan nan manya ne, yatsu biyu sun karkace tun zamanin raga, kuma da ya dafa sai da na'urorin suka motsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ke sa murya ta yi ƙasa. Abin da ya fi ƙona shi, mutumin ba mugu ba ne. A tsofaffin finafinan Baba mai laifi ya san ya yi laifi, yana gudu ana bin sa, a ƙarshe a kama shi kowa ya huta. Wannan kuwa yana zaune fanka na hura shi, ya yi ɓarna bai ma san ya yi ba, kuma gobe haka zai yi wa wani.

Mai Kwafi ya lura da hannuwan, ya sassauta. "Ai abin bai kai nan ba, Maigida. Kawo kaset ɗin, yanzu in ƙarasa maka. Ƙanenka ya kwashe su tun ranar Litinin, ya ce zai yi aiki da su."

"Wane aiki?"

"Ban tambaya ba."

Tafiyar minti ashirin ce zuwa bayan tasha, Gola ya yi ta a goma sha biyu da gurguwar gwiwarsa. Tun daga nesa ya ji janareto da kiɗa, baiti ɗaya ana ta maimaitawa. Ya tura ƙofar siton ya shiga.

An rufe tagogi da baƙin yadi, an kunna fitila ɗaya mai ƙarfi a kan wani tebur. Mawaƙin, wani siririn saurayi, na zaune cikin doguwar kwat da malafa, ya sa taba a baki bai kunna ba, gumi na bin wuyansa. Bayansa 'yan rawa shida da bindigogin roba. Wato fim ɗin 'yan fashi suke kwaikwayo, su da ba za su iya zaman minti biyar su kalli ɗaya ba. Daga rufin sito kuwa baƙin zare ne ke reto, ɗaruruwan tsayi, fanka na kaɗa shi yana ƙyalli. A gefe ga rabin durom, bakinsa ya yi baƙi, wurin na warin ƙonanniyar roba.

Gola ya bi wayar kiɗan da ido har soket, ya je ya fizge ta.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareto. Auta ya ɗago daga bayan kyamara. "Yaya, lafiya? Muna tsakiyar ɗauka fa."

"Ina kaset ɗin Baba?"

"Ga su can a kwali. Ai na faɗa maka an kwafe komai."

"Wannan da ke rataye fa?"

"Kaɗan muka jawo daga kowanne. Yaya, ka ga yadda yake ɗaukar haske kuwa? Don Baba na yi wannan bidiyon, irin finafinansa ne. Har sunansa zan sa a ƙarshe."

Gola ya durƙusa gaban kwalin yana fiddo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da guntun zare a baki inda aka datse da almakashi. Tara, talatin da ɗaya, huɗu. Ko jerin lamba ba a bi ba. Yana fiddowa yana lissafi a ransa, yana kwantar wa kansa da hankali. Wasan a can ƙarshen zare yake, a ƙuryar ciki. In an jawo daga baki, farkon fim aka jawo. Ɗan sanda mai ɗingishi ya tafi, Allah ya raka taki gona, shi minti goma sha huɗunsa yake nema.

Ya samo goma sha bakwai a ƙasa. Jan biron Baba ya koɗe, salatif ɗin Babbar Yaya na nan a bayansa ya zama ruwan ƙasa. Ya ɗaga shi saitin fitila ya leƙa ta gilashin. Gefen dama cike yake dam. Gefen hagu wayam, farar roba kawai.

Ya daɗe yana kallo kafin abin ya shige shi. Mai Kwafi ba ya mayar da zare farko. Inda rubutu ya fara hawa nan ya tsayar, nan ya zare kaset ɗin ya jefa kwali. Fim ɗin gaba ɗaya na naɗe a dama, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Abin da ke bakin kaset ɗin, abin da hannu zai fara kamawa, shi ne wasan.

"Na wannan," Gola ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Yana sama ko yana durom?"

Auta ya kalli mai kula da kayan ɗauka, wata mata mai almakashi rataye a wuya. Ta matso ta duba kaset ɗin. Ta ce waɗanda gefensu ɗaya ya yi siriri su ta fara yankewa ta zare gaba ɗaya, don sun fi saurin fitowa, kuma su aka sa a durom jiya, wurin da mawaƙin ke ƙona shaida kafin 'yan sanda su iso. Ta ƙara da cewa sau biyar aka ɗauki wurin, don wutar ba ta tashi da kyau ba.

Gola ya miƙe. Abin da ya faɗa wa Auta a gaban mutanen nan, shekara talatin yana taruwa. Ya ce masa sakarai, ɗan gata, wanda bai taɓa tambayar kowa kafin ya taɓa abu ba saboda an saba ce masa ya kyauta. Ya ce mutumin da bai yarda a mayar masa da kaset ba a naɗe ba, yau shi aka rataye wa kaya a rufi don wani mai malafar aro ya yi rawa. Ya ce shi Auta ko layi ya ja a takarda Baba sai ya manna a bango, shi kuwa shekara shida yana faɗuwa a kan tsakuwa, abin da ya samu a wurin mutumin nan duka-duka daƙiƙa huɗu ne, su ma an ƙona su sau biyar don wuta ba ta tashi da kyau ba. Mawaƙin ya cire tabar daga baki. 'Yan rawa suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya.

"Wace daƙiƙa huɗu?" Auta ya tambaya.

Sai Gola ya faɗa masa. A tsaye, da kaset a hannu, cikin fushi, ya ba shi labarin fenariti da salatif da abokin aikin da ba shi da lafiya, da benci, da tsallen. Yana jiran Auta ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, don ya ƙi karɓa.

Auta bai sunkuyar ba. Ya cire tabarau daga goshi ya ajiye a kan kyamara, fuskarsa ta canja.

"Baba ne ya yi tsalle?"

"Shi."

"Baba namu? A kan benci?"

"Na ce maka shi."

"Kuma akwai hotonsa a gidan nan tun ina shekara biyu, ba wanda ya nuna min?"

"Ba abin nunawa ba ne."

"Ba abin nunawa ba ne." Auta ya matso har suna jin numfashin juna. Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, yau ma bai ɗaga ba. "Yaya, ni da sanda na san shi. Ni na dinga ɗaga shi daga gado in kai shi bayi shekara uku, kai kana shago. Ban taɓa ganin mutumin nan ya yi sauri ba, balle tsalle. Kana cewa yana manna zanena a bango. Ya manna, amma ko murmushi bai taɓa yi wa zanen ba. Da ka buɗe baki sau ɗaya ka ce, Auta, akwai abu a bayan goma sha bakwai, da a kan ƙirjina zan ɗauko shi. Me ya hana ka faɗa?"

Gola ya san amsar, kuma ba mai daɗin faɗa ba ce. Tsoron bulala ya ƙare tun da daɗewa. Ya ɓoye ne don nasa ne. Komai na Baba an raba da Auta, wannan kaɗai ne ba a raba ba, kuma ya fi son ya zauna a kwali cikin ɗaki mai yoyo da ya ji Auta na ba da labarinsa a gaban abokai. Fushin bai sauka ba, sai dai ya rasa inda zai dosa.

"To tunda kai kaɗai ka mallake shi," Auta ya ce, "ba ni abin da ya rage. Wace riga ya sa?"

"Shuɗiyar nan ta aiki."

"Sau nawa ya yi tsallen?"

"Uku. Na ukun ya kusa zamewa, wani ya riƙe shi."

"Hular fa? Ka ce ya cire. A wane hannu take?"

Gola ya buɗe baki. Ya kalli wurin nan fiye da sau ɗari. Ya ɗaga hannun dama sama da kai, yadda yake gani a ransa, sai ya ji ba haka ba ne. Ya sauke, ya mayar da kaset ɗin dama, ya ɗaga na hagu. Shi ma bai zauna ba. A talabijin hular ta ɓangaren taga take, wannan ya tabbata. Ko kuwa ta ɓangaren ƙofa? Shekara goma sha ɗaya rabon da ya gani, kuma bai taɓa ƙoƙarin riƙewa ba, tunda kaset na nan.

Auta na tsaye yana jira, idonsa ya yi ja.

"Tsaya," Gola ya ce. "Tsaya, yanzu zan tuna."

Ya sake ɗaga na daman.